Rasuwar Gwaggo da Maganar Jan Layi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da na rasa inda zan kai ta, nake sanar da rasuwar kwamfutar ofishinmu na tsara zirga-zirga, wadda muke kira Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, a ɗakin taro, a gaban oga da baƙinsa.

Marigayiya ta ƙare rayuwarta tana lissafin hanyar da matafiya za su zaɓa. A ba ta tsawon titi, da cunkoso, da ramuka, ta yi "fuuu" da fankarta, ta faɗi inda masu mota da masu babur za su karkata. Mai haƙuri ce, ko an ɗauke wuta tana tsaka da aiki ba ta riƙe mutum a zuci. Aibinta ɗaya: ta yarda cewa duk ɗan Adam mai hankali gajeriyar hanya yake bi.

Ciwon ajalinta ya fara ne da oga ya sa mu ma'aikata muka ba ta bayanan tafiye-tafiyenmu daga wayoyinmu, bayan an cire sunaye. Ta gane hanyar kowa, ban da ta mutum ɗaya, wanda kullum in an tashi aiki yake barin titi miƙaƙƙe, ya zagaya ta bayan tasha, ya rage gudu a ƙofar wani shagon magani, bai tsaya ba, ya wuce. Ta auna cunkoso, ba shi ba ne. Ta auna ramuka, can ma sun fi yawa. Baiwar Allah ta yi ta nishi, jikinta ya yi zafi rau, ta yi "ƙit", ta sandare da jan layin hanyar mutumin ɓaro-ɓaro a taswirar da take haskawa a jikin bango.

Layin ya tashi daga inda nake ajiye babur, ya ƙare a ƙofar gidanmu. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Kowa a ofis ya san yarinyar da ke sayar da magani a shagon nan, kowa kuma ya san ni tuzuru ne, ko ciwon kai ba na yi.

Ta rasu ta bar linzami ɗaya, da firinta mai tari, da oga da har yau bai iya kallona ba tare da ya gimtse dariya ba. Ta bar ni, da ko sallama ban taɓa yi wa yarinyar ba, ga shi labari ya riga ni isa shagon.

Za a kai gawar wurin mai gyara gobe bayan la'asar. Shagonsa na tsallaken ofis, amma ta bayan tasha za a bi. Masu rakiya su jira ni a ƙofar shagon magani, wannan karon zan tsaya. A taya Gwaggo da addu'a, ni ma a saka ni.