Jinjinar Alhaji Sada, Dodon Turawa

Mu Hausawan Alƙahira Allah ya so mu, da ya ajiye mana Alhaji Sada a unguwar Abbasiya. Ba don shi ba, da yanzu Ingilishi na nan zaune a Kano yana shan shayi. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma wa ya fi shi sani?

Sana'arsa sayar da turare, amma sunansa Dodon Turawa. Shaidarsa na rataye a falo cikin gilashi: zanen barkwanci daga wata tsohuwar jaridar gida. Ga shi nan da tsagensa, baki a buɗe, hannu a dunƙule sama. Misirawa, masu son duk wanda ya tsani Ingilishi, in sun gani sai su sumbace shi a kumatu biyu.

"Ranar nan," in ji shi, "Joji, Baturen mulki, da kansa sai da ya nemi ruwa. Ni Sada ba na durƙusa wa kowa. Khalas, magana ta ƙare!"

Da Najeriya ta cika shekara ashirin da 'yanci, ƙungiyarmu ta shirya nunin zane-zanen adawa da mulkin mallaka, a ranar kuma za a zaɓi shugaba. Dodo ya tsaya takara. Ya ɗinka babbar riga, ya aiko da zanen, ya ce a sa shi a tsakiya.

Mardiya, ɗalibar da aka ɗora wa aikin, ta ga ƙusa ba za ta ɗauki gilashin ba, sai ta zare takardar. Ashe a ninke take. Ta warware, ta manna.

Jama'a! Ga Joji a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ga gwarzonmu a gabansa gwiwa biyu a ƙasa, takalma a gefe. Dunƙulen hannun nan jinjina ce, irin wadda ake wa mai mulki. A ƙasa an rubuta: "Zaki! Masinja ya kawo sunayen masu surutu."

Yana shigowa ya tarar da mu cirko-cirko. Ya dubi bango, ya gyara hula.

"Wannan dabarar yaƙi ce. Ku mata ba za ku gane ba."

Hajiya Fatu, wadda aka ɗaure yayanta wata shida a zamanin, ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Alhaji. Sunan yayana Iliya na cikin dabarar?"

Da aka zo zaɓe aka ce masu son Dodo su ɗaga hannu. Ko shi bai yarda ya sake ɗaga nasa ba.