Layin Da Na Tsara a Ranar Tantancewa

Har gobe ban manta da ranar tantance masu neman karatun lauya ba, kuma bi da bi zan faɗi abin, yadda ya faru.

Da farko dai, na ci maki mai yawa a jarrabawar share fagen shiga jami'a, har 'yan gidanmu a Aujara suka fara kirana Barista. Sakamakona na sakandare kuwa abin tausayi ne, musamman adabin Turanci, wanda da ƙyar na tsallake. Na san da haka sarai. Amma na yi lissafi na ce babban makin zai rufa wa ƙaramin asiri (ban tambayi kowa ba, don a lokacin ni ake tambaya).

Sai maganar tufafi. Na ji cewa ɗaliban lauya fari da baƙi suke sawa. Don haka na sauka a gidan Kawu Sale a unguwar Yalwawa cikin Dutse, na ari baƙar kwat ɗinsa, na ɗora a kan farar riga, na tari adaidaita zuwa jami'a.

A bakin ofishin tantancewa na tarar da cincirindo, ba layi ba tsari. Na zauna, na tashi, na leƙa taga, na dawo, na sake tashi. Ni kuwa ba na jure hargitsi. Wani saurayi ya dubi kwat ɗina ya ce, "Yallaɓai, a ina za mu tsaya?" Maimakon in ce ni ma nema na zo yi, sai na gyara murya.

"Kowa ya faɗi makinsa. Masu yawa gaba, masu kaɗan baya."

Suka kuwa bi. Wata yarinya, Rifkatu, ta ce, "Haba Yaya, tun da sassafe nake nan fa." Na ce mata a nan maki ake dubawa, ba sammako ba. Ta koma can ƙarshe, cikin rana. Ni na tsaya a gaba (da wa za a fara in ba ni ba?).

Ma'aikaciyar tantancewa, wata dattijuwa mai tabarau, ta buɗe ƙofa ta karɓi takarduna a tsaye.

"Makinka ya yi kyau, ɗana."

Na ɗan juya don na baya su ji. Ta ɗaga takarda ta biyu, ta gyara tabarau.

"Amma ba ka da kiredit a adabin Turanci."

"Hajiya, don Allah a sake duba ta farkon."

"Na duba. Ko makin duka ka cinye, ba lauya sai da wannan. Ka sake rubutawa, ko ka canja kwas. Na gaba!"

Hanyar fita ɗaya ce, ta gefen layin. Na bi su mutum bayan mutum, gumi na bin bayana. Wani ya ɗaga murya, "Oga, mu ci gaba da tsayuwa ko mu ma mu watse?" Dariya ta ɓarke har ƙarshen layi. Rifkatu kuwa matsawa kawai ta yi ta ba ni hanya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Na sake zama jarrabawar adabin, na sake samun abin da na samu. Yau akawu ne ni a wani ofishi a nan Dutse. Idan na je wuri na tarar ba layi, bango nake nema in jingina, in bar su da hargitsinsu, har sai na tabbata ina cikin waɗanda za a ɗauka.