Yadda Za Ka Burge Surukarka da Littafin da Ba Ka Buɗe Ba

Surukarka ta ba ka tsohon littafin labari mai shafi dubu, ta ce tana jiran ra'ayinka? Kwantar da hankalinka. Ni Gaspard na garin Besançon a Faransa na bi hanyar nan da ƙafata, kuma na yi maka alkawarin za a tafa maka.

1. Karɓa da hannu biyu
Jinjina nauyinsa, sunsuna takardar, ka ce, "Mama, irin wannan ba a faɗa masa da ka. Sai na san zamaninsa tukuna." Tawa surukar, Madam Odile, shekara talatin tana koyar da adabi, amma sai da idonta ya ciko.

2. Nutse cikin tarihi
Ka ji an ce labarin juyin juya hali ne? Je laburare ka kwaso duk abin da aka rubuta kan juyin juya halin Faransa na 1789. Haddace wa aka sare wa kai, a wane wata, da wace riga. Littafin kuwa ɗora masa kofin gahawa. Amfanin kauri ke nan.

3. Toshe bakin matarka
Matata Solène ta ce min, "Wata uku, ko bangon ba ka ɗaga ba, Farfesa."
Na ce, "Ai tushe nake haƙawa."
"Ka kusa cimma ruwa," in ji ta.
Kada ka tanka. Masani ba ya musu a kicin.

4. Ranar Lahadi, jira a kawo cuku
A teburin cin abincin surukai, kafin kowa ya yi tambaya, ka ɓarke. Minti arba'in na yi ina kwararo labarin sarki da talakawa da yunwar Paris. Surukina har ya ajiye wuƙarsa ya tafa.

5. Kada ka kalli surukarka
Ni na kalla. Ta goge baki a hankali ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗana. Sai dai labarin a 1848 ya faru. Wancan juyin daban ne."
Na ce, "Ashe biyu aka yi?"
"Sun fi haka. Buɗe shafin farko, mu ji muryarka."

Gargaɗi
Duk abin da ya same ka, babu hannuna. Kada ka neme ni ranar Lahadi: ina gidan Madam Odile, ina karanta mata shafi goma da ƙarfi, tana gyara min lafazi. Muna shafi na tamanin, kuma jarumin bai ma bar ƙauyensu ba.