Shafin Shagon Labule Ya Rasu Yana Ƙoƙarin Buɗewa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da kallon ɗan zoben nan mai juyawa a tsakiyar farin allo, iyalan shagon labule da zannuwan gado na Kawu suna sanar da 'yan uwa, abokan arziki da kwastomomin da ba su riga sun gudu ba, rasuwar shafinsu na intanet, bayan doguwar jinyar da ba ta zama dole ba.

An haifi marigayin a kan ƙaramin teburin da ke bayan kanta, tsakanin keken ɗinki da tulin samfurin yadi, a hannun 'yar ƙanwar Kawu, wadda duk shagon ke kira 'Yar Kwamfuta. Ta gama jami'a babu aiki, Kawu ya ce ta riƙa zuwa shago kafin Allah ya kawo. Shafin nan shi ne dalilin kujerarta a wurin. Shi ne kuma abu ɗaya tak da take iya nunawa idan masu ɗaukar aiki suka ce, "To, me kika taɓa yi?"

Marigayi ba mai kwalliya ba ne, amma mai cika alkawari ne. Kafin mutum ya ɗauke yatsa ya buɗe, ko a tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ko a lungun da sabis ke shiga da rarrafe. Bai taɓa cinye wa talaka data ba. A cikinsa akwai wata 'yar ƙaramar manhaja mai rage nauyin kowane hoto kafin a kai shi gaban jama'a, tana aikinta shiru, shi ya sa ba wanda ya taɓa gode mata. Idan oda ta shigo, sai marigayi ya ce "tilin!" Nan take Mai Awo zai zabura ya ɗauki tef, Direba ya fara laluben makullin mota a aljihun da ba ya ciki. Ba za mu ƙara jin wannan murya ba.

Ciwon ajali ya shigo ta hannun Injiniya, mijin babbar 'yar Kawu. Babu wanda ya san injin da ya taɓa gyarawa, amma yana sa tabarau, yana kuma cewa "a ƙa'ida" kafin kowace magana. Wata rana aka aiki 'Yar Kwamfuta sayen zare, ya zauna a kujerarta, ya ga jan rubutu yana cewa an fitar da sabuwar sigar manhajar da ke tafiyar da shafin. Bai ajiye kwafin tsohuwar ba, bai jira kowa ba. Ya danna. Da ta dawo ya miƙe yana gyara wuyan riga.

"Ƙanwata, na ɗan taimaka miki. Yanzu kun shigo zamani."

Sabuwar sigar ba ta jituwa da 'yar manhajar rage nauyi, don haka ta kashe ta tun a ƙofa. Ta kuma zo da wani faffaɗan fili a saman shafin farko, wanda Injiniya ya cika da Kawu: bidiyon Kawu yana karɓar lambar yabo, Kawu yana gaisawa da wani babba da ya juya wa kyamara ƙeya, Kawu yana nuna labule da yatsa kamar shi ya ƙirƙiro taga. Kowanne da cikakken nauyinsa. Dole marigayi ya gama ɗauko Kawu kaf kafin ya nuna ko zanin gado ɗaya.

'Yar Kwamfuta ta zauna da majinyacin. Ta kashe ƙananan manhajojinsa ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa, ta samo wata manhajar mai rage nauyin hotunan kaya, ta share tarkacen da ya taru. Ya ɗan motsa. Da ta ɓoye filin Kawu don gwaji, ya tashi garau kamar bai taɓa ciwo ba. Ta mayar da filin da sauri kafin wani ya gani, ta je ta tsaya a bakin ofis tana murɗa gefen mayafi.

"Kawu, bidiyon ne ya yi masa nauyi."

Keken ɗinki ya tsaya. Anti, matar Kawu, ta ɗago ta yi mata kallon da ake yi wa wanda ya yi dariya a gidan mutuwa. Injiniya ya yi murmushin tausayi.

"A ƙa'ida, bidiyo ba shi da nauyi. Kin taɓa ganin an ɗora shi a sikeli?"

Kawu ya ciro wayarsa ya taɓa, shafi ya buɗe nan take, domin wayar ta daɗe da haddace bidiyon saboda yawan kallo. "Ga shi nan. 'Yar nan, mutanenku ne wayoyinsu na banza. Ki gyara abin da ya lalace, ko mu nemo wanda zai iya."

A wannan gida ba a taɓa Kawu. Ba a gyara masa magana, ba a zama kujerarsa, ba a rage masa komai. Saboda haka aka shiga yi wa marigayi magani ta ko'ina ban da inda ke masa ciwo. Aka canza akwatin intanet. Aka ɗora sabon a kan kabad don ya sha iska. Direba ya kawo shawarar a riƙa kashe fanka idan za a buɗe shafin, aka gwada. Daga nan Injiniya ya ba da umarnin tiyata. Aka cire taswirar shago. Aka cire hotunan zannuwa. Aka cire farashi, da hujjar cewa lambobi suna da yawa. A ƙarshe aka cire akwatin da ake yin oda. 'Yar Kwamfuta ce ta yi kowane yanka da hannunta, Injiniya na tsaye a kanta yana cin gyaɗa. Marigayi ya rame har ba abin da ya rage a jikinsa sai Kawu, kuma bai daina jan ciki ba.

Ya cika ne ranar da wata mai otal, wadda ke son labulen dukan ɗakunanta, ta bugo wa Kashiya, mai karɓar kuɗin shago, waya ta ce ta ga goshin mai gidansu a shafin, ta jira hancin har shayinta ya huce, ta tafi wani shagon. Kawu ya girgiza kai ya yanke hukunci: shafin nan dama tun asali ginin yara ne.

Marigayi ya bar Mai Awo, wanda yanzu kujerun shago yake aunawa don kada hannu ya manta. Ya bar Direba da mota mai tsabta fiye da kima. Ya bar Kashiya da wayar da ba ta yin ƙara sai don zagi. Ya bar Injiniya cikin ƙoshin lafiya.

Za a yi jana'iza a ofishin Kawu bayan an rufe shago, inda Injiniya zai danna maɓallin gogewa, tunda hannunsa ya saba. Wani abokinsa zai gina sabon shafi, kuma an riga an ce teburin bayan kanta zai yi masa daidai. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su yi ƙoƙarin ziyartar gawar, don ba za ta buɗe ba.

Babbar mai makoki ba za ta samu halarta ba. A taron da aka tsara jana'izar, Kawu ya juyo da waya yana tambayar jama'a wanne cikin bidiyoyinsa ya fi dacewa da sabon shafin, Anti ta ce a sa duka. Ana cikin tafi, 'Yar Kwamfuta ta naɗe cajarta, ta ajiye makullin shago kusa da almakashi, ta rataya jaka, ta bi ta tsakanin labulaye ta fita. Ko labule ɗaya bai motsa ba.