Rasuwar Rumbu, Faifan da Ya Riƙe Muryar Malam

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai nauyi, iyalan marigayi Malam Inuwa na Nassarawa GRA suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Rumbu, wanda ya cika ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, a hannun mai shi, Ja'afaru, autan Malam.

Ga wanda bai san mamacin ba, faifan ajiya ne, bai fi tafin hannu ba. Mazauninsa wata na'ura ce da Ja'afaru ya harhaɗa daga tsofaffin kayan kwamfuta, ya ajiye a ƙarƙashin bene, yana kiranta saba. Akwati ɗaya ce a ido, amma kwamfutoci da yawa ke zaman haya a cikinta. Wata tana gadin ƙofa, wata tana riƙe hotunan biki da suna, kuma dukansu a kan Rumbu suke sauke kaya.

An shaide shi da haƙuri. Bai taɓa neman komai ba sai wuta da 'yar iska. Ya sha ɗaukewar wuta, ya sha hayaƙin janareto, ya sha zafin bazara, bai ce uffan ba. Maganarsa ɗaya ce, "hmmm," kamar dattijon da ya ji zance ya ƙi tankawa.

Babbar amanar da ya riƙe ita ce karatun Malam. Duk tafsirin da Malam ya yi a masallacin gida an ɗauke shi a kaset. Bayan rasuwarsa Ja'afaru ya juye su kaf cikin Rumbu, kaset ɗin kuwa, da yake danshi ya fara cin su, aka ƙone su duka, yadda ake yi wa tsohuwar takardar karatu. Tun daga nan, kullum da hantsi ake kunna wa Hajiya Larai, matar Malam, wadda idonta ya yi rauni. Takan zauna da carbi, inda almajirai suka amsa ita ma ta amsa.

Ja'afaru ya san faifai ɗaya ba abin dogaro ba ne. Ya sayo wa Rumbu abokin tagwaitaka, domin duk abin da aka rubuta a ɗaya ya faɗa cikin ɗayan, in wannan ya kwanta wancan ya riƙe gida. Sai dai haɗa su yana bukatar a kashe na'urar yini guda, shi kuwa ya kasa hana mahaifiyarsa hantsi ɗaya. Ya ce sai bayan Sallah. Ƙarama ta wuce, babba ta wuce, sabon faifai yana cikin kwalinsa.

Ciwon ajali ya fara da 'yar ƙara, "ƙis, ƙis," kamar ɓera a cikin rufi. Daga nan Malam ya fara sarƙewa a tsakiyar aya. Ja'afaru ya yage kwali a gaggauce, ya haɗa su, ya umarci tsoho ya juye wa sabo duk abin da ke cikinsa. Ashe kayan shekaru ne aka ce marar lafiya ya kwashe a yini ɗaya. Rumbu ya yi iyakar yinsa. Ya ce "ƙas, ƙas, ƙas," ya ja wani dogon numfashi, ya yi shiru. Masu gyara sun buɗe shi, sun girgiza kai.

Ya rasu ya bar saba, wadda fankarta ke ta juyawa ba ta san an yi mutuwa ba, da sabon faifai da ya buɗe ido a maraici. Daga karatun, guntu ɗaya ne ya tsallaka. Babu aya a ciki. Malam ne ya yi gyaran murya kafin ya fara, ya ce, "A gaya wa Larai, ana jin dakanta har nan."

Ja'afaru ya yi ta ce wa Hajiya ana gyara, har jiya da ta kira shi ta ce, "Auta, ni ba yarinya ba ce. Ya tafi ko?" Ya durƙusa, ya kunna mata guntun. Ta saurara. Ta ce a sake. Sannan ta ce, "To, na bari, Malam."

Game da jana'iza, liman Malam Falalu ya ce abin da ya ɗauki Alƙur'ani ba a jefa shi a bola, ko da ya daina furtawa. Don haka za a naɗe Rumbu a ƙyallen tsohon rawanin Malam, wanda Hajiya ta ciro da kanta, a binne shi a gindin mangwaron bayan gida, gobe Juma'a bayan la'asar. Ƙasimu mai lambu ya riga ya yi haƙa.

Babu zaman makoki. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi Ja'afaru me ya hana shi haɗa su da wuri, ya riga kowa yi wa kansa wannan tambayar. Wanda kuma ya taɓa zama a karatun Malam, ya duba ƙasan akwati da aljihun tsohuwar mota. In ya samu kaset, ko tsinkakke ne, ya taho da shi. Gaisuwar ke nan. Hajiya tana zaune da hantsi, inda ta saba.

Sanarwa daga Raliya, a madadin iyali.