Yadda Za Ka Mallaki Shago a Titin Zariya Ba Ka Shiga Kano Ba

Kai mai neman aure, matso kusa. Idan iyayen yarinya sun ce sai mai sana'a a birni, kai kuwa sau biyu ka taɓa shiga Kano, ɗaya ma ciwon haƙori ne ya kai ka, to ga magani. Ni ban yi boko ba, amma na fi shekara talatin a bakin hanya ina kallon mutane. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za a kira ka ɗan birni tun ba ka wuce Kura ba. Na gwada su a kan Mainasara, mai sayar da rake a Kwanar Ɗangora, wanda ya ga Hajara 'yar Baffa Mamman na Doguwa ya daina cin tuwo da kyau.

Mataki na 1: Ka san tsawon titinka

Titin Zariya ya taso daga cikin Kano, ya ratsa Unguwa Uku da Na'ibawa, ya fita ya bi ta Kura da Ciromawa har ya iso nan Kwana. Ka taɓa ganin inda aka sa wuƙa aka yanke shi aka ce nan ya ƙare? Babu. Kwalta ɗaya ce. Saboda haka kai mai baron rake da mai benen Na'ibawa maƙwabta ne. Tafiyar awa guda da wani abu ce kawai a tsakaninku, kuma ba kai ka sa ta ba.

Mataki na 2: Kada ka yi ƙarya, ka dai rage magana

Ƙarya haramun ce. Taƙaitawa kuwa ladabi ce. Ranar da Mainasara ya durƙusa a zauren Baffa Mamman, tsohon ya ce, "Yaro, ina ne wurin sana'ar taka?"

"Titin Zariya, Baffa."

"Na Kano?"

"Ai shi ke nan guda ɗaya, Baffa."

"Me ake sayarwa?"

"Kayan zaƙi. Sari da ɗai-ɗai."

Duba da kyau, ina ƙaryar? Baffa ya gyara zama, ya sa aka kawo fura da nono mai kauri, irin wadda ba a dama wa manomi.

Mataki na 3: Koyi kukan 'yan birni

Ɗan birni ba ya yabon birni, ƙorafi yake yi. Da ka zauna ka dafe goshi ka ce, "Kai, gosulon yau!" Ka zagi 'yan adaidaita sahu. Ka ce hayaƙin tirela ya hana ka numfashi, wannan kam gaskiya ce, a kanka suke tsayawa. In aka tambaye ka wata unguwa da ba ka sani ba, ka ce, "Ai an rushe wajen, gada ake yi." Ba ka cika faɗuwa ba.

Mataki na 4: Tsaraba

Burodi mai yanka-yanka da lemon zaƙi a baƙar leda. Kada ka kuskura ka kai rake. Mainasara ya yi wata huɗu yana zuwa zance, Hajara na cewa tana marmarin rake, shi kuwa yana cewa, "Mu a wajenmu wahalar samu yake." A nan ne kaɗai ya kauce wa koyarwata, Allah ya yafe masa.

Mataki na 5: Haddace motocin garin surukanka

Ga inda aikin yake. Duk motar da ta taso daga Doguwa za ta Kano, sai ta biyo ta Tudun Wada ta faɗo Kwana, daidai gaban baronka. Kuma sai ta tsaya, don direba bai taɓa wuce mai tsire ba. To ka san su tun daga nesa: mai fasasshen gilashi, mai akuya a but, mai hon kamar kukan jaki. Da ka hango, ka bar baron ka shiga masallaci. Mainasara ya yi nafila a wata huɗun nan har liman ya fara tunanin ba shi ladanci.

Mataki na 6: In suruki ya ce zai zo ganin shago

Ka ce ana gyara. In ya sake, ka ce an yi gobara a maƙwabta. Na uku ba ni da shi, domin Baffa Mamman bai yi sallama ba. Bincike ya fito yi kafin a sa rana, kuma a bayan a-kori-kura ya zo, cikin buhunan masara, motar da ba ta cikin haddar kowa. Mainasara na tsaka da feraye rake yana kiran "A sha zaƙi!" sai ya ji an ce, "Yanko min na gindi, yaro."

Ya ɗago. Wuƙar ta faɗi. Ya zube ƙasa.

"Baffa, barka da... sannu da hanya."

Tsohon ya dubi baron, ya dubi kwaltar, ya dubi hanyar da ta miƙe arewa. Ya karɓi raken ya ɓantara, ya tsotse, ya tofar.

"Ikon Allah. Ashe Kano ta taso ta tarye ni. Wannan ne shagon?"

"Reshe ne, Baffa."

"Uwar shagon fa?"

Mainasara ya shiga tsince ɓawon rake a ƙasa.

Baffa ya ce, "Tashi. Uwar yarinyar ce mai son birni. Ni da ma tunanin da ke hana ni sakat, wa zai je ya nemo min 'ya a cikin Kano in ta yi zazzaɓi. Nan kuwa ko a kan masara na zo. Rakenka da zaƙi. Na ba ka."

Mataki na 7: Ka ci nasara, sai ka ɗauka

An ɗaura aure bayan kaka. Hajara, wadda ta riga ta gaya wa ƙawayenta za ta zauna kusa da gadar sama, ta yi sati biyu ba ta ce masa ko sannu ba, sannan ta ce ya biya ta raken wata huɗu. Baffa kuma ya sanar a masallacin Juma'a cewa surukinsa na Kwana, duk mai wucewa ya tsaya su gaisa. Yanzu kowace motar Doguwa ta tsaya, mutum goma sha takwas ne ke sauka, kowa ƙanin uwar Hajara ne, kuma ba a miƙa wa suruki rake a tsaya jiran hannunsa ya shiga aljihu. Kafin la'asar baron ya koma wayam.

A ƙarshe, ni dai shawara na bayar, ban ɗaura wa kowa aure ba. In amarya ta yi yaji, in dangi suka tsotse maka jari, in liman ya kama ka da ladanci, kada a zo ƙofata. Mai ƙorafi ya same ni a ofishina da ke titin Zariya. Ya fara nema daga Na'ibawa, a ƙafa.