Kwanon da Ba a Buɗewa

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma Allah ya sani na gwada, da ranar da wani baƙo mai kirki ya buɗe kwanona a ƙofar gidan Baba Tela. Har gobe in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ni da furfura ta riga ta cinye wa gemu.

Bari in fara gaya maka ko ni wane ne, don kada ka ɗauka wani mutumin kirki ke ba ka labari. Ni direban tifa ne, ko in ce na taɓa zama. Boko a aji biyu na sakandare muka rabu, ba ta yi kewata ba, ni ma ban yi tata ba. Na yi shekaru ina jigilar dutse a Kalambaina, har ranar da mai motar ya sayar da abarsa ya ce in yi haƙuri. Na yi haƙurin, tunda shi kaɗai aka ba ni. Daga nan na san mutane. Waɗanda nake rage wa hanya kyauta, yanzu in sun hango ni sai su kara waya a kunne. Zuciyata ta yi ɗaci, bakina ya fi ta. (Matata ta ce dama can haka bakin yake, ƙarar injin ce ta hana mutane ji.)

A layinmu na Ƙofar Kware muna da ciyayya tun zamanin iyayenmu. In an idar da magariba sai a shimfiɗa tabarma ƙofar gidan Baba Tela, wanda shi ne babbanmu, kowane magidanci a fito masa da kwanonsa. Ba kowa ke cin nasa ba. Kwano ɗaya ake buɗewa, duk a sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Akwai Alhaji Sambo mai hatsi, akwai Buhari mai faci wanda cikinsa kamar rijiya, akwai wasu, sai ni. Ba wanda ya taɓa cewa sai ka kawo za ka zauna. Amma ni a raina, namijin da zai zauna a tabarmar nan hannu rabbana gara ya zauna cikin ɗakinsa.

To, abu ya yi ta ja baya a gidana. Ɗan abin da matata ke samu a kitso, iyakarsa abin da 'yan matanmu za su sa a ciki su kwanta. Ya zamana in ba a tabarmar Baba Tela ba, ba ni da wani abincin kirki daga safe har dare. In na ƙi fita, yunwa. In na fita ba kwano, duk layi ya san Direba ya faɗi. Sai na samo dabara ta uku, wadda na ɗauka ba mai kai irin nawa da ya taɓa tunaninta.

Na ɗauki kwanon da babu komai a ciki, na rufe da marfi, na fito da shi da kaina. Na ajiye shi can baya, na ce, "Nawa da zafi, a bar shi ya huce."

Aka ci na Baba, aka ci na Alhaji, aka ci na sauran. Saura nawa. Sai Baba Tela ya suɗe hannunsa, ya yi gyatsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, ni kam na cika. Direba, mai da ma yara naka." Kowa ya ce shi ma ya ƙoshi. Na ɗauki abina na shige gida ina ji kamar na ci zaɓe.

Kashegari haka. Wanshekare haka. Sai dai kwanon da babu komai yana da tsegumi: kana ajiye shi zai yi wata ƙara da ko kurma ya san wayam yake. Don haka na ɗauko wani farin dutse da na taɓa zuwa da shi daga wurin aiki, na naɗe shi da tsumma, na sa a ciki. Ya yi nauyi daidai da tuwon mutum biyu. Har na koyi tafiyar mai ɗauke da miya, a hankali, ina kallon marfi. In na ajiye sai in yarfe hannu in hura yatsu, wai zafi. (Kai mai karatu, yi dariyarka, ba ka fi matata ba.)

Ita kam ba dariya ta fara yi ba. Ranar da ta gan ni ina naɗe dutse ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta ce, "Baban Luba, abin ga ba shi ƙarewa da kyau. Mutanen ga tare kunka tashi. Ka hwaɗa musu gaskiya mana."

Na ce, "Ke dai yi shararki. Mutum in ya san ba ka da shi, ya gama da kai."

Ta ce, "Kai dai ka sani."

Akwai abubuwan da na gani a lokacin, amma kowanne na ba shi mummunar fassara, don ita kaɗai na iya. Kwanon Alhaji Sambo ya ƙara girma, na ce fariya ce, yana son a san shagonsa na ci. Nama ya riƙa samun kansa a gefena, na ce hannuna ne ya fi nasu sauri. Buhari, wanda a da sai ya kankare kwano har ya ji ƙarfe, ya koma tsame hannu da wuri, na ce a raina ƙila ciwon suga ya kama shi, Allah ya ƙara.

Da a nan na tsaya, da wataƙila har yau ba wanda ya ji wannan labari. Amma wanda dabararsa ta yi nasara sai ya fara yi mata ado. Na ga kullum ba a zuwa kan kwanona, sai na ce bari in ƙara wa abin gishiri don kada a yi zargi. Na fara mita. In Baba ya ce an ƙoshi, sai in ɓata rai in ce, "Haka dai kullum. Tuwon gidan talaka ai ba ya shiga bakin manya." Baba ya yi murmushi ya ce, "Gobe da naka za mu fara." Goben ta zo, ya manta, ni ma in taya shi mantawa.

Ranar da abin ya faru, Alhaji Sambo ya zo da baƙo. Sunansa Dikko, ƙanen matarsa ne, manomin albasa daga wajen Wurno, ya kawo kaya kasuwa dare ya yi masa. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da taushin murya, irin wanda in ya gaishe ka sai ya tambayi har awakinka. An ci tuwon shinkafa da miyar sure daga gidan Alhaji, an ci na sauran. Baba Tela ya suɗe hannu ya yi hamdalarsa. Ni kuwa, ganin ga baƙo, sai shaiɗan ya ce min yau ce ranar nuna kai. Na ɗaga murya fiye da kullum.

"Ka gani ko, baƙo? Haka suka min kullum. Matata ta wuni bakin murhu, hayaƙi shi cika mata ido, amma ba mai ko ɗaga marhin. Don dai ni ba Alhaji ba na."

Na ga Buhari ya sunkuyar da kai. Na ga Alhaji ya buɗe baki zai yi magana. Amma Dikko ya riga shi. Fuskarsa ta cika da tausayi na gaske, ya ce, "Subhanallahi! Haba dai. Ai ba a yi ma abincin macce haka. Wallahi ni ina ci, ko loma guda ta, don ta ji daɗi."

Baba ya ce, "Dikko, bari..."

Ina! Hannun manomi ya fi bakin tsoho sauri. Ya miƙa, ya jawo kwanon gabansa, har yana cewa, "Kai, da nauyi kuwa, Allah shi yi mata albarka." Ya yi bisimilla. Ya ɗaga marfi.

Tsumma. Ya ɗan dube ni, ya ɗauka ko wani abu ne aka lulluɓe don kada ya huce. Ya sa yatsu biyu ya buɗe tsumman a hankali, da ladabi. Ga farin dutsen Kalambaina zaune tsakiyar kwano, fitilar shagon Baba na haska shi.

Na ji kukan akuya daga layi na gaba, na kuma roƙi Allah ya mai da ni ita.

Sai Baba Tela ya miƙa hannu ya ɗauki dutsen, ya juya shi, ya auna nauyinsa kamar mai sayen kankana. Ya ce, "Yauwa! Dutsen ga nawa na. Ni nac ce Direba shi samo min, in riƙa danne yadi in ina yanka. Allah shi biya ka, Direba."

Alhaji Sambo ya ce, "Awo, tun shekaranjiya kaka cigiya tai."

Buhari, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Ni ma in da wani a samo min, na tokare ƙohwa."

Ƙarya ce wadda ko jariri ba zai yarda da ita ba. Wa ke kawo wa tela dutse cikin kwanon tuwo, da marfi, yana hura yatsu? Amma Dikko ya dubi Baba, ya dube ni, sai ya mai da marfin a hankali kamar mai rufe wa yaro barci, ya ce, "Dutse mai kyau kuwa. Irinai wuya garai wajenmu." Da ganin fuskarsa, kunyarsa ta fi tawa.

A nan ne na gane. Ba wanda ya yi mamaki a tabarmar nan sai baƙo. Ba wanda ya ce "mi ya hwaru?" Duk sun sani. Na tashi ba sallama, na bar kwanon, na shige gida har ina tuntuɓe da dokin ƙofa. Matata na tsakar gida, ta dubi hannuna ba kwano, ta dubi fuskata. Wallahi na shirya jin "ai na hwaɗa maka." Ba ta faɗa ba. Ruwa ta kawo min a moɗa, ta zauna gefena, ta bar ni na yi abin da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Kashegari ban fita ko masallacin layi ba, can wata unguwa na je na yi sallolina. Da magariba ta wuce na kwanta na juya wa ƙofa baya, cikina na kiran sunana. Sai na ji sallama a zaure. Baba Tela ne, da sandarsa, mutumin da gwiwa ba ta barinsa ya taka ko'ina in ba dole ba.

Na fito ina kallon ƙasa. Na ce, "Baba, tun yaushe kunka sani?"

Ya ce, "Tun ran hwarko. Gidan da ba a ga hayaƙi ba, ina tuwo mai zahi zai hito? Kuma kai, tunda nike da kai, ban taɓa ganin ka ɗauko kwano da kanka ba."

"To mi ya hana ku yi magana?"

"Mu ce mi? Kai ka zaɓi ka zo da kwanonka, mu kuwa munka zaɓi mu ƙoshi." Ya buga sandarsa ƙasa. "Taho, tuwo na hucewa. Ubanka ya ci da ni a tabarmar ga shekarar da gobara ta cinye min shago, bai tambaye ni kwano ba. Kuma kak ka ɗauko komi, na gaji da kallon ka kana hura yatsu."

Daga ƙofata zuwa tabarmar nan ba nisa, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba, ni da na yi rayuwata a kan titi. Hannuwana biyu suna lilo, ban san inda zan sa su ba. Da na iso ba wanda ya dube ni. Alhaji ya ɗan gusa ya ba ni wuri yana ci gaba da zancen tsadar taki. Aka buɗe kwano, aka sa hannu.

Can sai Buhari ya ja dogon numfashi, ya naɗe hannun riga, ya ce, "To alhamdu lillahi, yau dai in ci in ƙoshi da gaske. Direba, ka san wahalad da ka ba ni? Kullum sai in tsame hannu in ce na cika, don dai ka samu ka ci, in koma gida in jiƙa gari kamar gwauro. Matata har ta hwara zargin wani gida nika ci!"

Aka fashe da dariya, har Baba na share hawaye. Ni ma na yi, loma a bakina, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Mutumin da na yi wa fatan ciwon suga ke nan.

Yanzu ina tuƙa wa wani motar ɗaukar yashi, kwanona na fita da abin da ya sawwaƙa, kuma ana buɗe shi. Ba zan yi maka ƙarya in ce na zama mutumin kirki ba, har yanzu ina ganin yawancin mutane ba su da amfani. Amma na daina rantsuwa a kai. A da na ɗauka tausayi shi ne mai shi ya ba marar shi, kowa na gani, a yi godiya. Ashe akwai wanda ya fi wannan wuya: ƙato ya tashi da sauran yunwarsa, ya yi gyatsar ƙarya, don kada wani wawa ya ji kunya.

Abin da na koya kuwa bai da yawa. In mutane sun taru sun rufa maka asiri, kai ma ka taimaka musu ka rufe bakinka.